Kayan Hansatu a Saman Soro

A ƙauyenmu na Ƙwarin Maje akwai wani mutum ana ce masa Anaruwa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, don haka abin da zan gaya muku ba a kasuwa na tsinto shi ba. Ƙato ne mai ƙarfin noma, bai taɓa zagin kowa ba, sai dai Allah ya yi shi da irin kan da magana ba ta lanƙwasa a cikinsa. Yadda ka faɗa masa haka zai yi, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a gindin bishiya ka manta da shi, gobe a nan za ka tarar da shi yana korar ƙuda.

Su huɗu ne a gidan: shi, da tsohuwarsa Iya Tabawa, da matarsa Hansatu, da jaririyarsu Tasalla. Hansatu ta san mijinta sarai, ta kuma iya masa. Kafin ta aike shi sai ta auna maganar a bakinta sau biyu, kuma ban taɓa jin muryarta ta tsallako katanga da faɗa ba. Abu ɗaya ne ya hana gidan zama lafiya, shi ne ɗakin soron da suke kwana. Da zarar sama ta yi baƙi, ɗakin ya fara ɗiga ke nan, daidai kan gado.

A tsakiyar wata damina Tasalla ta kamu da tari tana da wata huɗu. Mahaifin Hansatu, Malam Gambo na Tudun Kuka, ya zo duba jika, ya tarar da ƙwarya uku a jere a kan gado suna tarar ruwa. Tsohon bai ko zauna ba. Ya ce wa 'yarsa ta goya yarinyar ta biyo shi, sannan ya juyo ga surukinsa.

"Kada in ga ƙafarka a ƙofar gidana sai ɗakin nan ya sha ruwa bai zubar ba. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

To, da wani aka gaya wa, bayan sati guda zai ɗauki goro ya je gaisuwa, a yi dariya a wuce wurin. Anaruwa kuwa ya ji, kuma jin nan ne ya zame masa ciwo. Mun yi mun yi da shi cewa fushin tsoho ne kawai, ya ce ai Baba bai ce fushi yake yi ba. Kullum da safe sai ya share ɗakin Hansatu, ya goge mata jeren kwanukanta ɗaya bayan ɗaya. In la'asar ta yi ya tafi bakin fadamar da ta raba ƙauyukan biyu, ya tsaya gindin wata kanya yana hangen hayaƙin girkin Tudun Kuka har a kira magariba. Mukan yi masa dariya a komai, amma wannan tsayuwar ba mai yi mata dariya.

Wata rana Iya Tabawa ta gaji da ganin ɗanta yana ramewa, ta kwaɓa masa ƙasa da kanta, ta ce, "Hau saman ɗakin nan, duk inda ka ga rami ka toshe shi. Kada ka bar ko ɗaya." Anaruwa ya hau, ya bi 'yan tsagu ya cike, ya bi ramin ƙadangare ya cike. Da ya zo kan indararo, wato bututun da ruwan soro yake bi ya zuba waje, sai ya ga ai wannan ne ma babban ramin. Ya ɗura masa ƙasa har ya ƙoshi, ya shafe bakin sumul. Washegari aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, saman ɗakin ya zama kududdufi. Maimakon ɗiga uku sai aka samu goma sha ɗaya.

"Wayyo ni Tabawa! Har indararon ka toshe?"

"Iya, kin ce kada in bar ko ɗaya."

Ni da wani maƙwabci muka hau muka huda, ruwan ya feso ya kwashe wa Iya kajinta biyu har bakin zaure. Bayan nan sau uku Anaruwa yana yaɓe soron nan kafin damina ta ɗauke, sau uku yana ɗiga. Ba wanda ya gane ta ina ruwan yake shiga.

Wata rana da bazara, an fara hango hadari a gabas, sai ga Mudassir ɗan ƙanwar dagacinmu ya dawo daga birni inda ya karanta aikin gini. Ya zo da wani jirgi marar matuƙi a cikin jaka, bai fi faifai girma ba, da farfela huɗu da ido ɗaya a ƙasan cikinsa. Ya ce zai tashe shi ya bi saman gidaje, duk soron da ya tsage ko kwanon da ya ɗage zai gani a wayarsa, a gyara kafin ruwa ya sauka. Da ya gwada shi a ƙofar dagaci mutane suka ji ƙugin, nan take aka raɗa masa suna buzuzu. Sai dattawa suka ce ba su yarda ba. A wurinmu ko ɗan ƙwarai ne ba ya hawa soro sai ya sanar da maƙwabta, saboda daga sama ana ganin tsakar gidan mutane, mata suna daka ko suna wanki ba lulluɓi. Balle wannan da zai ga gari duka.

Dagaci ya ce ai magani a kusa yake, a samu mai murya ya riƙa shiga gaba yana sanarwa. Anaruwa ya yi tsalle ya ce shi zai yi, in dai buzuzun zai duba masa nasa ɗakin. Mudassir ya yi masa alkawari, ya ce layinsu ne na ƙarshe. Dagaci ya ja masa kunne: "Kowane gida ka yi sallama, ka faɗa, ka ji sun amsa. Kada ka tsallake ko ɗaya."

Da hantsi Anaruwa ya kama layin masallaci yana kwarara murya: "Salamu alaikum masu gida! Za a hau sama, mata a kimtsa!" Gida shida suka amsa. Na bakwai kangon Alhaji Mamuda ne, wanda iyalansa suka koma birni shekara goma sha biyu da suka wuce, ba kowa ciki sai jemagu. Mudassir yana zaune a inuwa da jirginsa yana jira, har aka yi azahar ba labari. Da ya bi sawu sai ya tarar da Anaruwa a ƙofar kangon, murya ta dishe, yana ta sallama.

"Yaya Anaruwa, ai ba kowa a gidan nan!"

"Shi ya sa ba su amsa ba ke nan. To yaya za mu yi, Injiniya? Dagaci ya ce sai sun amsa."

Dole Mudassir ya zagaya ta inda katanga ta rushe, ya shiga cikin kangon ya amsa sallamar da kansa. Sannan Anaruwa ya yi godiya ya wuce gida na takwas.

Wata rana suna aiki a unguwar gabas inda itatuwan darbejiya suka yi yawa, Mudassir ya ce, "Ni ina kallon waya. Kai ka riƙa kallon jirgin, kada ka ɗauke ido daga kansa, in ya kusa reshe ka gaya mini." Buzuzu ya tashi, Anaruwa ya ɗaga kai. Da jirgin ya ɓuya bayan wani zaure sai ya bi shi, kai a sama, baki a buɗe. Ya ratsa ta cikin barkonon da matar liman ta shanya, ya bi ta kan sabon tubali ɗanye wajen arba'in da wani ya jera a rana, ya mai da su ƙasa kamar yadda suka fito. Daga nan ya rufta cikin ramin da ake haƙar ƙasar gini. Muka sheƙa a guje muka leƙa, ga shi kwance rigingine cikin taɓo, idonsa ƙyam a sama.

"Ka ji ciwo?"

"Matsa min, kanka ya tare shi."

Mai tubali ya zo da faɗa, da ya leƙa ramin sai faɗan ya ƙi fitowa. Shi ne ma ya miƙa masa hannu.

Wata rana Mudassir ya ɗaga jirgin sama sosai don ya ɗauki hoton garin gaba ɗaya, ya kira Anaruwa ya zo ya ga ƙauyensu a tafin hannu. Anaruwa ya leƙa wayar. Bai kalli masallaci ba, bai kalli kasuwa ba. Can gefen hoton, bayan koren fadama, ya ga wata bishiya tsaye ita kaɗai da 'yan gidaje kewaye da ita. Ya ɗora yatsa a kai.

"Kukar garin su Hansatu ce," ya ce. "Injiniya, an ce yarinyar ta fara tafiya. Ni ban gani ba. Tura shi can mana, ko daga nesa ne."

Mudassir ma ya san labarin. Ba ya so ya ce a'a kai tsaye, sai ya nemi hanzari: "Ai ba a sanar da mutanen can ba, Yaya. Ba a hawa saman mutane sai an sanar da su."

Ai kuwa ana idar da azahar Anaruwa ya nufi fadama. Bai tsallaka ba, tunda an hana ƙafarsa. Ya hau kan reshen kanyar nan tasa, ya tara hannu a baki, ya saki muryar da har mu a gida muka ji: "Mutanen Tudun Kuka! Za a hau sama, mata a kimtsa! Hansatu, ke ki fito da yarinyar tsakar gida!" Ya maimaita har sai da wani mai kiwo a ƙetare ya amsa masa don ya samu lafiya. Ya sheƙo gida ya ce wa Mudassir an sanar, sun amsa. Nan Mudassir ya rasa inda zai sa kansa, ya faɗa masa gaskiya, cewa batirin jirgin ba zai kai can ya dawo ba.

A Tudun Kuka kuwa mata suka kwashe turmi da tukunya suka shige ɗaka, ba daka ba girki, ana jiran abin da zai zo daga sama. Ranar maza ba su ci tuwo ba sai bayan isha'i, kuma sunan Anaruwa ya sha tsinuwa a kowane zaure. Washegari wata mai tallan nono da take ratsa garuruwan biyu ta tsaya wurin Iya Tabawa shan ruwa. Ta ce mace ɗaya ce a duk garin ba ta shiga ɗaki ba. Hansatu ta yi wa yarinyar wanka, ta sa mata kwalli da rigar sallarta, ta tsayar da ita a tsakar gida, suna kallon sama har rana ta faɗi. Anaruwa yana bakin rumbu yana ji. Ya tashi ya shiga ɗakin ya ja ƙofa, ranar ko gindin kanyar bai je ba. Ni dai da na ji labarin nan tuwon dare bai shiga mini ba.

Wata rana aka iso layinmu. Mudassir ya ce daga sama duk sorayenmu kamarsu ɗaya, kowa ya ɗora wata alama a kan ɗakin da yake so a duba. Ni na shimfiɗa farin buhu, wani ya kifa tsohon kwando. Anaruwa ya tambaya shi me zai ɗora.

"Abin da zan gane ɗakinka da shi, Yaya. Abin da babu irinsa a kowane gida."

Anaruwa ya tsaya a tsakar gida yana dube-dube. Tabarma kowa yana da ita, garma kowa yana da ita, akuya ma haka. Iya Tabawa ta tafi barka unguwar yamma, ba mai tsawatar masa. Ya yi sanarwa ga maƙwabta yadda ya kamata, ya jingina tsani, ya fara hawa da sauka. Da buzuzu ya iso saman gidan, Mudassir ya kalli waya ya saki salati. Kwanukan Hansatu ne a jere tsaf yadda suke a ɗaki, manya a baya ƙanana a gaba, suna walƙiya a rana. Ga akwatinta, ga madubinta, ga ludayinta mai tsagaggen baki, ga zanen goyon Tasalla an shimfiɗa an danne shi da duwatsu.

Mudassir ya zagaya soron sau huɗu, ya sauko da jirgin har iskarsa tana ɗaga zanen. Ya ƙura wa hoton ido, ya buɗa shi, ya sake buɗawa. Soron sumul yake, yaɓe kan yaɓe, ba tsaga ko ta allura.

"Ban ga komai ba, Yaya Anaruwa. Wallahi ban gani ba. Bar shi haka tukuna, in sake tunani."

Anaruwa ya ce to, ya zauna a gindin tsani. An ce ya bar shi haka, don haka ko da Iya ta dawo tana kururuwa bai sauko da cokali ɗaya ba.

Hoton kuwa bai kwana a wayar Mudassir kaɗai ba. Samarin da suka taru kallo sun roƙe shi ya tura musu, daga wannan waya zuwa waccan, kafin gari ya waye ya isa Tudun Kuka. Ku kuma kun sani, a wajenmu ba a fitar da kayan ɗakin mace waje sai in aure ya ƙare. Rana ba ta yi zafi ba sai ga Malam Gambo da amalanken shanu a ƙofar gidan, yana huci, Hansatu tana biye da goyo, idanunta sun kumbura. Unguwa ta cika, ni ina kan katanga.

"Kai Anaruwa! Ka rasa inda za ka tozarta ni sai a saman soro, duniya tana kallo? In sakinta ka yi, ba sai ka aiko da takarda ba?"

Anaruwa ya durƙusa. Idonsa ba ya kan tsohon, yana kan 'yan ƙafafun da suke lilo a bayan Hansatu.

"Saki kuma, Baba? Injiniya ne ya ce in ɗora abin da babu irinsa a kowane gida. Na duba gidan duka, nata ne kaɗai babu irinsa."

Hansatu ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ban san kuka take ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Fushin Malam Gambo ya fara sauka. Amma tsoho ya riga ya zo da shanu, ba zai juya haka nan a gaban jama'a ba. Ya ce shi dai kayan 'yarsa ba za su ƙara yini a rana ba, kuma ba ya son hannun kowa, da kansa zai sauko da su. Ya tattare riga ya kama tsani.

Abin da ban gaya muku ba, Malam Gambo magini ne, shekara arba'in yana ɗora soro kafin gwiwa ta sa ya ajiye. Tun farko abin da yake ci masa rai shi ne, da za a gina wa 'yarsa ɗaki wani magini aka kira, ba a ko shawarce shi ba, shi kuwa ya rantse ba zai sa baki a aikin da ba a gayyace shi ba. To yau ga shi a kan soron. Ya yi taku uku zai ɗauki akwati, sai muka ga ya tsaya. Ya koma baya, ya buga diddige. Ya matsa gefe ya buga, ya dawo ya sake bugawa, ya karkata kai yana saurare.

"Wane sakaran ne ya yi aikin nan? Kai, miƙo mini fartanya!"

Sara biyu ya yi a kusurwar da soro ya haɗu da bango, sai ƙasa ta rufta. Gara ce ta cinye cikin bangon ta yi hanya, ruwa yana tsatsowa ta gefe ya bi icen rufi har kan gado, sama kuwa lafiya lau. Mudassir ya hau ya leƙa ramin, ya ce wannan ko jirgi goma aka tasa ba za su gani ba. Tsohon bai ko kalle shi ba, ya riga ya tuɓe riga.

"Aikin kwana uku ne. A kwance shanun nan a ba su ruwa. Kai Anaruwa, ƙasa da ciyawa, ka kwaɓa da tauri. Ke Hansatu, zo ki karɓi tarkacen nan naki ki mai da su ɗaki, sun tare mini wuri. Ki ɗora mini fura kuma, tun safe ban sa komai a ciki ba."

Hansatu ta kwance goyo ta sauke Tasalla. Yarinyar ta tsaya da ƙafafunta, ta yi taku huɗu tana tangaɗi, ta dafa gwiwar ƙaton nan da yake durƙushe, tana kallonsa irin kallon da yaro yake yi wa baƙo. Anaruwa ya kasa motsi, hawaye yana bin gemunsa. Hansatu ta ɗaga ta ta ɗora masa a ƙirji. Ita da ta saba auna magana sau biyu kafin ta faɗa masa, na ga ta ɗan yi jim, sannan ta ce a hankali:

"Riƙe ta. Kada ka sauke ta."

Da hannu ɗaya ya haƙo ƙasa ranar, da hannu ɗaya ya jawo ruwa a rijiya, ya taka kwaɓi da yarinya a kafaɗa tana ja masa kunne. Rabin ƙasar a hanya take zubewa, tsoho yana ta masifa daga sama wai aiki ba ya sauri. Can da la'asar Tasalla ta yi barci a wuyansa, hannun ya sage. Iya Tabawa ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta buɗe baki za ta ce ya kwantar da ita ya huta. Sai ta kalli fuskar ɗanta, ta naɗe tabarmarta ta koma wajen murhu.